Gyambon da ya ƙi warkewa a saman idon sawu: amsa ga wanda ya yi tambaya kan ƙafar mahaifinsa

Tambayar da aka turo: "Salam likita. Mahaifina ne, shekararsa 61, mai tsire ne, ya fi shekara 30 yana tsayuwa gaban tukuba daga la'asar har dare. Tun da jimawa jijiyoyin ƙafarsa ta hagu suka fito ruɗu-ruɗu kamar tana, da yamma ƙafar ta kumbura da safe ta saɓe. Daga baya wajen ya yi baƙi yana ƙaiƙayi, yanzu wata 7 kenan wani ciwo ya ɓulla a saman idon sawu ta ciki ya ƙi warkewa, kullum ruwa yake. An yi allurai a kemis, an yi ƙaho, wasu sun ce jifa ne ya taka. An auna suga an ce babu. Dan Allah mene ne wannan, kuma yanke ƙafar za a yi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, kai kuma ya saka maka da ɗawainiyar da kake yi.

Bari in fara cire maka fargabar yanke ƙafa tukuna don na san ita ce ta hana ka barci. In dai abin da nake zato ne, wato gyambon da ke zuwa daga lalacewar jijiyoyin da ke mayar da jini sama, to da wuya ƙwarai ya kai ga yanke ƙafa. Yana da naci, yana da wari, yana cin kuɗi, amma yana warkewa in an kama shi ta inda ya dace. Ban ga ƙafar da idona ba, amma yadda ka jero labarin tiryan-tiryan haka yake zuwa mana a asibiti, tsayuwar shekaru, jijiyoyi su fito, kumburin yamma, fata ta yi baƙi, ƙaiƙayi, sannan ciwo a saman idon sawu ta ciki. Ko ɗalibin likita ka karanta wa wannan zai ce maka jijiya ce.

Matsalar Hausa ita ce komai jijiya muke ce masa, to bari in raba maka. Akwai jijiyoyin da ke kai jini daga zuciya zuwa ƙafa, su ne masu bugawa in ka ɗora yatsa. Akwai kuma masu dawo da shi daga ƙafa zuwa zuciya, su ba sa bugawa, kuma aikinsu ya fi wuya tunda hawa jinin zai yi daga ƙasa zuwa ƙirji. Abu biyu ke taimakonsu. Na ɗaya naman sha-raɓa, duk takun da mutum ya yi yana matse jijiyoyin ciki, wato na can cikin nama, ya tura jini sama. Na biyu wasu 'yan bawul ne a cikin jijiyar, suna buɗewa jini ya wuce sama sai su rufe kar ya dawo. Ka san famfon tuƙa-tuƙa in robarsa ta cinye, ka yi ta bugawa ruwa na hawa yana zurarewa ƙasa? To haka ƙafar Baba take. Lafiyayyen mutum in ya tsaya cak, ƙarfin jinin da ke danna jijiyar idon sawunsa yana kai 80 zuwa 90 a ma'aunin da ake auna hawan jini da shi, da ya fara tafiya sai ya faɗo ƙasa da 30. Wanda bawul ɗinsa suka lalace ko yana tafiya abin baya sauka sosai. Kaga shekara 30 na tsayuwa wuri ɗaya, ga zafin wuta da ke ƙara buɗa jijiya, in kuma akwai gado a gidanku ko ƙiba to abin ya haɗu.

Wannan dannawar ce ke sa ruwa ya tsattsafo cikin nama ƙafa ta kumbura. Ƙwayoyin jini ma suna fita su mutu a ƙarƙashin fata, sinadarin ƙarfen da ke cikinsu ya zauna, shi ne baƙin nan da kake gani, kusan tsatsa ce. A hankali fatar ta yi tauri ta manne da ƙashi, wasu ma ƙasan ƙwaurin ya tsuke sama ya kumbura kamar an kifa kwalba. Irin wannan fatar ko susa ce ko ɗan bugun benci ya isa ya buɗe ciwo, kuma ciwon bazai rufe ba muddin jinin na nan tsaye yana dannawa daga ciki. Shi ya sa nake gaya wa mutane cewa ciwon da kuke gani a fata ba a fata yake ba. Ku shafa abin da za ku shafa, ku yi allura ɗari, in ba a rage wannan dannawar ba aikin banza ake.

Mu likitoci muna da matakai da muke jera cutar a kai, tun 1994 aka tsara su a wani taron likitocin jijiya a Amurka, daga 0 zuwa 6. Mataki na 1 'yan siraran jijiyoyi kamar saƙar gizo-gizo, na 2 manyan da suka murɗe, na 3 kumburi, na 4 fata ta canza, na 5 gyambon da ya warke, na 6 gyambo a buɗe. Baba yana na 6. Na faɗa maka ne don in ka ga an rubuta C6 a katinsa kar hankalinka ya tashi ka ɗauka wani mugun abu ne daban.

Toh amma kafin a ce tabbas shi ne, dole a kore wasu abubuwan da ke kama da shi, kuma nan ne kemis ba zai iya maka komai ba. Ciwon da ke zuwa daga toshewar jijiyoyi masu kai jini yawanci a yatsu yake ko dunduniya, ƙafar ta yi sanyi, zafi ya hana barci da dare har sai mutum ya sauko da ƙafar daga gado ya samu sauƙi, kuma an fi ganinsa ga masu shan taba da masu suga. Na jijiyar da muke magana akasin haka ne, ɗaga ƙafa ke kawo sauƙi. Gyambon suga ya fi son tafin ƙafa kuma sau da yawa mutum baya ma jin zafinsa. Sikila ma tana kawo gyambo daidai wannan wuri na idon sawu, mu nan dole mu tuna da ita, duk da dai an fi gani ga matasa kuma zafinsa ba kaɗan ba. Sai tundurmi, shi kumburin har yatsu yake kamawa kuma kwanciyar dare bata cika saɓar da shi ba. In kuma ƙafa biyu ne suka kumbura lokaci ɗaya to sai an duba zuciya da ƙoda da hanta, har ma da maganin hawan jini, amlodifin yana kumbura ƙafa. Awon suga da aka yi sau ɗaya a tsaye bai ishe ni ba, a sake shi da safe kafin ya ci komai, ko a yi wanda ke nuna matsakaicin wata 3. A duba yawan jininsa ma.

Akwai tambayar da zan so ka yi wa Baba. Ya taɓa karaya a ƙafar? Ya taɓa doguwar jinya a kwance, ko tiyata, ko wani lokaci da ƙafar ta kumbura farat ɗaya da zafi? Domin wani lokacin asalin abin gudan jini ne ya taɓa daskarewa a jijiyar ciki shekaru da suka wuce, ya narke amma ya bar bawul a lalace. Wannan yana canza irin aikin da za a yi.

Gwaji biyu nake so ka nace a kansu in kun je asibiti, ka nemi ɓangaren tiyata. Na farko mai sauƙi ne, a auna ƙarfin jini a idon sawu a auna a hannu da ɗan na'urar dofla mai jin tafiyar jini a jijiya, sannan a yi lissafi a raba lambar ƙafa da lambar hannu. In sakamakon ya faɗo tsakanin 0.8 da 1.3 to jini na isa ƙafar yadda ya kamata, ana iya ɗaure ta da ƙarfi. In ya yi ƙasa da 0.8 sai da taka-tsantsan a hannun ƙwararre, in ya gaza 0.5 ba a ɗaurewa sam, domin ƙafar da dama jini baya isarta in ka matse ta ka kashe ta. Dan Allah ka riƙe wannan, kar ka karanta amsata ka je ka sayo bandeji ka tamke ƙafar tsoho ba a yi wannan awon ba. Na biyu shi ne sikanin dofla na jijiyoyin ƙafa, irin na'urar da ake duba masu ciki ce, ba allura ba zafi. Manyan asibitocin koyarwa irin na Kano da Zariya da Sakkwato suna yi, da wasu wuraren hoto masu zaman kansu. Amma ga inda ake samun matsala, sau da yawa sai a kwantar da mutum a duba a rubuto "babu gudan jini" shikenan a sallame shi. Ba abin da muke nema kenan kaɗai ba. Ana so a tsayar da shi a tsaye, a matsa sha-raɓa a saki, a ga ko jinin na komowa ƙasa, in komowar ta wuce rabin daƙiƙa a jijiyoyin sama, wato na kusa da fata, to bawul ya lalace. Ka roƙi likita ya rubuta a takardar cewa komowar jini ake nema, a duba doguwar jijiyar da ta taso daga idon sawu ta ciki har matsematsi, da gajeriyar da ke bayan sha-raɓa, da na can ciki.

Yanzu magani. Uwar maganin ita ce ɗauri, ba kowane ɗauri ba, na ƙa'ida. Ana wanke ciwon, a rufe shi da abin da baya mannewa, a naɗa auduga don kare ƙashi, sannan a naɗa bandeji mai ƙarfi hawa-hawa tun daga gindin yatsu, a haɗa da dunduniya, har ƙasan gwiwa, ya fi matsewa a idon sawu yana sassautawa in ana hawa. Ƙarfin da ake nema a idon sawu wajen 40 ne a ma'aunin hawan jini. Akwai mai hawa 4 da aka fara a wani asibiti a Landan cikin shekarun 1980, akwai mai hawa 2, akwai kuma tsohon salo na bandeji mai haɗin zinki da wani likitan fata Bajamushe mai suna Unna ya ƙirƙiro tun ƙarni na 19, har yau ana amfani da shi. Wannan ɗan bandejin ruwan ƙasa da ake saidawa a kemis shi kaɗai baya kai wannan ƙarfin, awa kaɗan ya saki ya zamo. Nas ɗin da ta iya ce za ta naɗa, da farko ana canzawa akai-akai saboda ruwa, in ruwan ya ragu sau 1 ko 2 a sati ya isa. In bayan an ɗaure yatsu suka mutu ko suka canza launi ko zafi ya tsananta, a kwance nan take a koma asibiti, kar a ce bari a daure zuwa gobe.

Na taɓa samun wani dattijo direban babbar mota da ya zo da gyambo shekara 4, ya naɗe shi da tsumma ya ɗora leda a sama saboda kar wari ya dami mutane a sahu, har ya daina zuwa jam'i. Da muka kwance, ciwon ya kai faɗin tafin hannu, an barbaɗa masa garin kafso ya yi ɓawo rawaya. Ba wani maganin kirki muka ba shi ba, wankewa ce da ɗauri da ɗaga ƙafa. Sati na 2 ya dawo yana faɗa wai bandeji ya yi masa sako-sako an yi masa aikin ha'inci, ashe ƙafar ce ta saɓe. Wajen wata 5 ciwon ya rufe. Yawanci haka ne, tsakanin wata 3 zuwa 6 in ana ɗauri na gaskiya, ƙarami sabo ya fi saurin rufewa, babba tsoho ya fi jan lokaci, wani sai an yi masa dashen fata.

Wanke ciwo ruwa mai tsabta ya isa, wanda aka tafasa ya huce ko ruwan gishirin asibiti. A bar sifirit, a bar toka da baƙin mai da ruwan batir, a bar fasa kafso ana zubawa, duk suna ƙona sabon naman da ke ƙoƙarin tsirowa. Zuma mai kyau muna amfani da ita a asibitocinmu kuma bata da laifi wajen tsabtace ciwo, amma ba za ta maye gurbin ɗauri ba. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma ba a shan shi don kawai ciwo na ruwa, sai in ya harbu, wato zazzaɓi, zafi ya ƙaru, wajen ya ɗau ɗumi yana yaɗuwa sama, ko mugunya. Alluran nan da aka yi ta yi masa inaga kuɗi kawai suka ci. Abin da zan so a yi masa shi ne allurar tetanus in ya daɗe bai yi ba. Kuma a kula da yawan shan maganin kashe zafi irin diklofenak a shekarunsa, yana taɓa ƙoda da ciki. Lasix da ake ba mutane wai ya zuƙe kumburi shi ma ba maganin wannan bane in zuciya da ƙoda lafiya suke.

Maganar ƙaho, ina girmama wanzamai amma a nan dan Allah a dakata. Baƙin jinin da ake gani ya fito a ce mataccen jini ne, haka jinin wannan jijiyar yake ga kowa, kuma kowace tsaga a irin wannan fatar sabon gyambo ce ke jiran buɗewa. Batun jifa kuma, addu'a ba a hana kowa ba, a yi ta, amma ga dalili a fili wanda na'ura za ta nuna maka a allo kana kallo jinin na komawa ƙasa.

Akwai ƙwayoyi masu ɗan taimako. Daflon yana rage nauyin ƙafa da kumburi ga wasu, pentoksifilin kuma an ga yana taimaka wa gyambo ya rufe in an haɗa da ɗauri. Taimako ne kawai, likitan da ya gan shi ne zai yanke ko sun dace da shi.

Sai gyaran asalin matsalar. In sikanin ya nuna jijiyar sama ce ke zubar da jini baya kuma na ciki a buɗe suke, to ana kashe wadda ta lalace. Kullum sai an tambaye ni to jinin ina zai bi? Kusan kashi 90 cikin 100 na jinin ƙafa dama ta jijiyoyin ciki yake komawa, ita wannan da ta lalace ba taimako take ba, maido da kaya baya take. Hanyoyin 3 ne. Ana zura siririyar waya a ƙona cikinta da leza ko zafin na'ura, da allurar kashe zafi kawai, mutum ya taka ya tafi gida ranar. Ana yi mata allurar kumfa ta manne. Ko a yi tiyata irin ta da, a ɗaure ta a matsematsi a zare ta. A Ingila tun 2013 ƙa'idarsu ita ce a fara da ƙonawa, in bai yiwu ba kumfa, in bai yiwu ba tiyata. Mu nan leza ba ko'ina ake samu ba kuma da tsada, to kar ka raina tiyatar, tana aiki. Wani bincike da aka buga a 2004 ya nuna cikin shekara 1 gyambo ya dawo wa kashi 28 na waɗanda aka yi wa ɗauri kaɗai, amma kashi 12 ne kawai cikin waɗanda aka haɗa musu da tiyata. Wani kuma na 2018 a Ingila mai mutum 450 ya nuna in an kashe jijiyar da wuri ciwon na rufewa a wajen kwana 56, in an jinkirta wajen kwana 82. Don haka ba sai an jira ya warke ba kafin a fara maganar. In kuma jijiyoyin ciki ne suka toshe to lissafi ya canza, ba a taɓa na sama da gaggawa, ɗauri ne zai zama abokin zama.

Abin da ke hannunku a gida yana da yawa. Ya riƙa kwanciya yana ɗora ƙafar a kan filo ta fi ƙirjinsa tsawo, kamar minti 30 sau 3 ko 4 a rana, ɗora ƙafa kan kujera yana zaune bai wadatar ba. A sa bulo a ɗaga ƙafafun gado ta wajen sawu, sai dai in yana da ciwon zuciya mai sa haki. Kar kuma a ce ya kwanta ya daina motsi, tafiya magani ce, zuwa masallaci da ƙafa da bandejinsa yana da kyau, tsayuwa cak da doguwar zama ƙafa a rataye su ne abokan gaba. Na san ce masa ya bar tukuba ba ƙaramin abu bane, sana'arsa ce kuma da ita ya rene ku, amma ko na watannin nan yara su karɓi tsayuwar shi ya zauna wajen kuɗi da ƙafa a miƙe nesa da wuta. In dole ya tsaya, ya riƙa ɗaga dunduniya yana saukewa kamar mai taka keken ɗinki. Ya ci abinci mai gina jiki, wake, ƙwai, kifi, nama dai ba sai na faɗa wa mai tsire ba. Fatar da ke kewaye a riƙa shafa mata basilin ko man kaɗe musamman da hunturu, kar a sa mayukan bilicin ko masu ƙamshi. Alwala kuma zai tambaye ka, malamai sun yi bayanin shafa a kan ɗauri ga mai rauni, ya tuntuɓi limaminsu, kar ya riƙa kwance bandeji sau 5 a rana.

Bayan ya warke aiki bai ƙare ba, nan ne mutane ke faɗuwa. Zai koma sa safar matsi ta asibiti mai zuwa ƙasan gwiwa, a auna ƙafarsa da safe kafin a saya, ya sa ta da ya tashi kafin ƙafa ta kumbura ya cire in zai kwanta, a canza ta duk bayan kamar wata 6 don robar na saki. Da zafin Maris da Afrilu zai ce ta dame shi, ku lallaɓa shi, yawancin waɗanda nake gani sun dawo da sabon ciwo safar suka ajiye.

Abubuwa 3 ne ba a jira da su. In jijiya ta fashe jini na tsartuwa, abin na ban tsoro amma ya kwanta a ɗaga ƙafar sama sosai a danne wajen da tsumma mai tsabta minti 10 ba ɗagawa, kar a ɗaure cinya da igiya, hakan ƙara zubar yake, sannan a tafi asibiti. In ƙafar ta kumbura farat ɗaya da zafi, ko ya fara haki da ciwon ƙirji, asibiti a daren, gudan jini ne ake tsoro ya tafi huhu. In kuma an yi wata 3 ana ɗauri na ƙa'ida ciwon ko gezau, ko bakinsa ya tashi ya yi tudu yana saurin jini, ka ce a yanki ɗan nama a kai awo, domin tsohon gyambo jefi-jefi yana rikiɗa ya zama daji.

Ka ɗauki hoton ciwon yau da wayarka, ka ajiye murfin kwalba a gefensa don a gane girmansa, ka riƙa ɗauka duk ranar da aka kwance bandeji. In kun samu sakamakon awon nan guda 2 ka turo min lambar da aka samu a idon sawu da abin da mai sikanin ya rubuta kan jijiyoyin ciki. A gaida Baba da jiki.